Fure a Hoto Ɗaya

Ana kashe fitilun situdiyo, na zuba wa allon majigi ido. Yau za a haska fim ɗinmu na katun, labarin muzurun da masoyiyarsa ta guje masa.

Ni ke shafa wa zanen fenti. Cikin dubban hotunan, a ɗaya tak na ɗora wa muzurun jan fure irin wanda nake sawa a gashina, ko Wendell mai zane zai gane ina sonsa.

Furen ya gifta kafin ƙiftawar ido. Wendell na ta dariya, hannunsa a kafaɗar wata.

Sai Otis mai kyamara ya matso. "Ke sarkin kunya, kin manta ni ke ɗaukar hotunan ɗaya bayan ɗaya?"

Ya miƙo mini jan fure.