Awon da Injiniya Ya Yi wa Inna Ramatu

Tun ranar da suka dawo daga asibiti Ramatu ba ta ƙara cin abinci ya zauna mata ba. Jiri kawai ya kai ta. Amma da likita ya gama auna ta, sai ya ja ɗanta Harisu gefe suka yi ta Faransanci ƙasa-ƙasa. Likitan ya dafa ƙirjinsa, su biyun suka juyo suka kalle ta. A mota Harisu ya ce lafiyarta lau, ta dai rage sukari. Ita kuwa ta san irin wannan kallon.

Ba ta iya tambayarsa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, Injiniya take ce masa kamar sauran mutanen garinsu Tamanrasset. Shi ke kula da injinan famfo tun daga nan har garin Silet, in kuma ya taso daga aiki sai ya shige rumfarsa ta bayan gida, inda yake ƙera abubuwan da ba wanda ya roƙe shi. Kullum nasiharsa ɗaya ce: injin da aka ajiye ba a tayarwa ya fi wanda ke aiki saurin lalacewa, don haka ta riƙa fita tana shan iska. Ita kuma ta ce iskar da ta sha a saman babbar mota ranar da suka taso daga Agadas tana amarya, ita ce ta ƙarshe mai daɗi, ba a sake yin irinta ba.

Wata safiya ya zo da igiya, ya ce ta kwanta ta miƙe a tabarma. Ya auna ta daga kai zuwa diddige, ya auna faɗin kafaɗa, ya ƙulle igiyar ya fita. Kashegari ya ɗora Ramatu a sikelin buhunan gero.

Sai Rakiyatu maƙwabciyarta ta kawo labari daga kasuwa: Injiniya ya sayi farin yadi a shagon Idrisa, mai yawa, ya ce a ba shi wanda ba ya yagewa. Da Ramatu ta leƙa rumfar ta ramin ƙofa, ta hango wani dogon abu na ƙarfe, siriri, tsawon mutum a kwance. Da yamma ta ji shi yana gaya wa abokinsa cewa ya sami wurin, can bayan gari kan hanyar In Ekker, shiru, ba kowa.

Ta yi kukanta a bayan ɗaki, ta wanke fuska. Abin mamaki, sai ta ji jikinta ya yi sakayau. Tunda tafiya ta zo, ajiyar me kuma?

Ta buɗe akwati ta ciro zannuwan da take tattali tun kafin a yaye Harisu, ta riƙa ɗaura sabo kowace safiya, har zuwa sayen gawayi. Ta zuba wa shayinta sukari har cokali ya kusa tsayawa. Ta yi lalle hannu da ƙafa. Ta tare mai nama ta gaya masa a gaban jama'a cewa shekara da shekaru ƙashi yake sayar mata, ta kuma yafe masa. A bikin sunan gidan Salifu magini ita ta buɗe fili, ta yi rawa har ɗankwali ya faɗi, matan na guɗa suna tambayar me ta sha.

Awakinta kuma, waɗanda ko ɗanta ba ya taɓawa, ta kora su gidan Rakiyatu, ta ce kyauta ce har abada, ta kira shaidu. Rakiyatu ta yi ta share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da igiyar babbar akuyar gam.

Harisu ya ga duk wannan ya yi murna, ya ce ai ga shi injin ya tashi.

Ran Juma'a da hantsi iska ta taso. Ya leƙa sama, ya yi murmushi.

“Inna, shirya. Yau ne.”

Ta yi wanka, ta yi nafila, ta ɗaura zanen da ya rage. Ta ce a ranta yaron kirki ne, yana so ta ga makwancinta da idonta. Abin nan na ƙarfe yana bayan mota a lulluɓe da farin yadin. Tana gaba tana ɗaga wa kowa hannu, tana neman gafarar jama'a, har da ɗan sandan da ke bakin hanya.

Suka wuce maƙabarta bai tsaya ba. Suka bar gidaje, suka bar duwatsu, har suka kai wani fili shimfiɗaɗɗe. Likitan nan yana can yana jira, ba farar riga, fuskarsa fal murna. Su biyu suka sauke abin, suka yi ta ɗaure-ɗaure a bayanta, ita tana kallon ƙasa tana neman inda aka haƙa.

“Ina ramin?” ta tambaya, a karo na farko.

“Wane rami, Inna? Ai don babu rami na zaɓi nan. Likita ya ce zuciyarki za ta ɗauki gudun.”

Ta juya. Harisu ya ja igiya, farin yadin Idrisa ya hau doguwar sanda, iska ta cika shi ya yi ciki, tayoyi uku suka fara motsi a ƙarƙashin wata kujera da aka ƙera daidai tsawonta da faɗin kafaɗarta. Keken iska ne, yana rawa yana jiran ta hau. Ta hau kuwa, an ji ihun dariyarta har bakin kwalta. Amma jama'a ku ba ta shawara: da wane baki za ta je ta ce wa Rakiyatu ta fasa mutuwa, a maido awaki?