Masaƙin da ya Jingina Masaƙar Mata a Ceɗiya

An yi wani masaƙi a wani gari na ƙasar Zazzau, ko kuwa ta Katsina ce, sunan garin ya kwanta mini, amma dai gari ne mai auduga da marina. Masaƙa maza sukan jeru a inuwar wata ƙatuwar ceɗiya, kowa ya miƙa zarensa can gabansa, kuma wurin da ya fi sanyi nasa ne, don gwani ne, a nan ma ubansa ya zauna. Wanda bai san saƙar maza ba yakan zaci aikin hannu ne zalla. Rabinta ƙafa ke yi. Igiya biyu ake maƙalewa a yatsun ƙafa, a taka ta dama zare ya buɗe, a jefa ƙoshiya mai ɗauke da zare ta wuce, a taka ta hagu. Wata damina kurkunu ya fito masa a idon sawu. Ana cikin naɗe shi a ɗan kara kamar yadda aka saba, sai ya katse a ciki, wurin ya kumbura ya zama gyambo. Ya kwanta har aka yi girbi, aka sake shuka. Kafin gyambon ya rufe ƙafar ta ƙage, yatsun ba sa motsi.

Da ya iya dogara sanda sai ya koma gindin ceɗiya. Ya maƙala igiya ta zame, ya ɗaura ta a dunduniya, ya yini yana fama. Abin da ya fito, nan a sake can a ɗaure, ko ɗan koyo ba zai nuna shi ba. Abokan sana'a suka kau da kai, suka ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya koma gida ya zauna jiran ƙafa. Wanzami ya yi ƙaho, an gasa, an murza da man shanu, ita kuwa tana nan yadda take. Rumbu ya yi ƙasa, matarsa ta shiga daka wa maƙwabta don a sami tsaki.

Yana da wata taubashiya, 'yar gwaggonsa, dattijuwa mai kaifin harshe, wadda mijinta ya rasu. Ita ma tana saƙa, amma irin ta mata, wadda ake jingina katakai a bango a zauna gabansu, hannu ya buɗe zare, hannu ya buga. Ta zo gaishe shi ta tarar yana kallon ƙafar.

Ta ce, "Kai rago, ƙafa aka ce ta mutu, shi ne ka haɗa da hannuwan ka binne? Ni da nake saƙa tun kana yawo ba wando, ka taɓa ganin na taka wani abu?"

Ya ce, "Saƙar mata? Ni? Allah ya sawwaƙe."

Ta ce, "To zauna mata su yi ta ciyar da kai. Wannan ai ba abin kunya ba ne."

Bayan 'yan kwanaki ya aika ta zo da katakan, aka kafa su a ƙuryar ɗakinsa, aka saki labule. Mutumin da ya koyar da rabin masaƙan gari ya zauna ana buge masa hannu. Kafaɗu suka yi tsami, don saƙar mata daga sama ake ɗaukar ta. Gwadon farko da ya sauke ta ɗaga shi ta duba, ta ce jaki zai gode. Na biyu ma haka. Amma zare zare ne, kuma yatsunsa ba su manta shi ba. A hankali bakin gwadon ya miƙe, zanen da ya saba yi a siririyar saƙar maza ya soma fitowa a faffaɗa, ba ɗinki a tsakani. Matarsa ke kaiwa gidaje, a bar mutane su zaci nata ne.

Sai dai ɗakin da duhu. Idonsa ya fara ruwa, baƙin zare da shuɗi suka soma zame masa ɗaya. Ya zauna ya yi tunani, ya ga ƙafa dai Allah ne ya karɓa, amma idan ido ya tafi, shi ya ba da shi da kansa don gudun dariya. Wata safiya ya sa aka ɗauki katakan, ya bi su da sanda har ceɗiya. Wurinsa mai sanyi wani ya daɗe da zama, bai nemi a tashi ba. Ya jingina masaƙar a jikin itacen, ya zauna ya miƙe ƙafar gefe guda.

An yi dariya kuwa. Wani ya ce, "Gwaggo, ina kwana?" Ya ce lafiya lau, ya ci gaba da buga zare. Dariyar ba ta kai ƙarshen rani ba ta gaji, sunan ne ya zauna. Har ya tsufa Gwaggo ake kiransa, fatake ma in sun sauka da haka suke tambayar inda yake. Ƙafar ba ta warke ba, hayaƙi dai bai sake yankewa a gidansa ba. Na ji an ce ya koyar da wasu guragu biyu, ko uku ne, wannan ban riƙe ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.