Ranar da Inna ta faɗi sunanta

Ban yi karatun lakol ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓacewa. Ina ƙarama wata ƴar jarida mai zaman kanta ta shigo gidanmu a Dungas da akwatin ɗaukar murya. Ta wuce maza a zaure, ta durƙusa gaban turmin Inna.

"Inna, an ce yayyenki sun hana ki gonar gado. In babu sunanki, za su ce ƙagawa na yi."

Kawu, ɗaya daga cikin yayyen nata, yana zaure, yana ji. Inna ta jingine taɓarya.

"Rabi ce, ƴar Malam Idi. Gonar gindin tsamiya tawa ce."

Na toshe bakina. Ban taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. Geron gonar nake ci har yau, amma Kawu ya rasu bai sake taka gidanmu ba.