Ƙararrawar Ƙarƙashin Tebur

Sai da mai kiran lamba ya gaji da kira kafin yarinyar ta tashi, shi ma sai da yayanta ya taɓa mata kafaɗa. Malama mai yin gwajin na hango su ta ƙofa, ta taɓe baki. 'Ya'yan zamani ke nan, a kira mutum ya tsaya jan aji.

Gwajin Turanci na baka shi ne ƙofar ƙarshe kafin shiga jami'a. Ɗakin ƙarami ne, daga tebur sai kujeru biyu, sai wani maɓallin ƙararrawa a ƙarƙashin tebur, daidai gwiwar Malama. In ta danna shi, an kama mai maguɗi ke nan. Masu tsaro su shigo, a soke sakamako, a kai suna duk jami'o'i. Danna shi kuwa zarar bunu ne, ba ya komawa.

Ɗalibai na kiran Malama da Ba-sani-ba-sabo, ita kuma ba ta ƙi sunan ba. Sau ɗaya tak aka taɓa yi mata sakiyar da ba ruwa. Bara wani mai fuskar salihai ya zuba mata Turanci har ta yaba, ashe wata 'yar na'ura ce kamar ƙwayar wake a can cikin kunnensa. Abokinsa na waje, yana jin tambaya ta wani abu da aka ɓoye a riga, yana raɗa masa amsa. An daɗe ana yi mata dariya a ofis. Wanda maciji ya sara kuwa, ko tsumma ya gani gudu yake.

Yarinyar ta shigo ta gai da Malama cikin ladabi, sai dai muryar ta ɗan yi wa ɗakin yawa. Kafin ta zauna ta ce, "Malama, don Allah ko za a ɗan yaye labulen?"

Malama ta yaye, haske ya sauka a fuskarta. Ta leƙa waje ta ga motoci da iyaye a gindin bishiya. Wa yarinyar nan take so ya hango ta?

Ita ce ta zo ta ɗaya a jarrabawar rubutu, kuma ilimin haɗa magunguna take nema. Da aka tambaye ta dalili, sai ta kawo labarin wani zazzaɓi da ta yi, da wata allura da aka yi mata a kantin magani ba bisa ƙa'ida ba. Ta ce har yau tana ɗauke da kuskuren wani. Turancin tsaf, ba gargada. Sai dai ta ƙura wa Malama ido ko ƙiftawa babu, kamar mai ƙirga mata haƙora.

Malama ta sunkuya tana rubutu, ta jefa tambaya ta gaba. Shiru. Da ta ɗago, yarinyar ta yi murmushi ta roƙi a maimaita. Aka maimaita, amsa ta zubo.

Malama ta tuna da na bara. Ta ɗauki takarda ta kare bakinta kamar mai tari, ta yi wata tambayar. Shiru kuma. Ta sauke takardar ta sake yi, amsa ta zo har da misali.

To, an zo wurin. In murya ta doshi rigar yarinyar, na waje ya ji ya raɗa mata. In an kare muryar, layi ya yanke. Lissafin ya fita sarai, har Malama ta ji ta burge kanta.

"Ɗage ɗankwalinki in ga kunnuwanki."

Yarinyar ta ɗage. Ba komai sai 'yan kunne na roba. Amma na bara ma ai ido bai gani ba, sai da likita ya sa tsinke.

Gumi ya tsatstsafo wa yarinyar a goshi. Ta damƙe gefen kujera ta ce, "Malama, na yi wani laifi ne?"

Tausayi ya kama Malama, gaskiya ya kama ta, don tana da 'ya sa'arta a gida. Ta yanke a ranta za ta ba ta dama ta ƙarshe. Ta tashi kamar za ta gyara fanka, ta zagaya bayan kujerar, ta tsaya dab da keyarta. Da murya sarai ta yi tambayar da ɗan aji ɗaya zai amsa yana wasa, sunanta kawai ta nema.

Yarinyar ba ta motsa ba. Idonta na kan kujerar da ba kowa.

Tausayin ya koma haushi. Wadda ta zo ta ɗaya ta kasa faɗin sunanta? Malama ta koma mazauninta, ta dubi yarinyar da ta sake yi mata wannan murmushin, ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta danna.

Ƙararrawa ta tsage ginin, har Malama da kanta ta toshe kunne. A baranda kujeru suka zube, iyaye na salati. Masu tsaro suka banko ƙofar da ke bayan yarinyar ta daki bango, suna daka mata tsawa ta miƙe, yayanta na biye da su yana kuka yana roƙo.

Ita kuwa tana zaune yadda take, hannuwa a cinya, ko gezau, ta kafa wa leɓunan Malama ido tana jiran tambaya ta gaba, domin tun daga waccan allurar da ido take sauraron duniya.