Amsoshi Ɗari Biyu a Jikin Bango

Tunda ke ma kin kusa fara shiga aji ki koyar, zauna in ba ki misali.

An yi wani malami a makarantar koyon haɗa magunguna, shekara ashirin da uku yana koyar da lissafin awon magani. In ya gama darasi ya ce, "Kun gane?" sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun gane, Malam!" Shi kuwa ya tattara takardunsa ya fita da kwanciyar hankali. Wata shekara makarantar ta kawo sabuwar dabara: malami ya haska tambaya a bango da majigi, kowane ɗalibi ya latsa amsarsa a wayarsa, amsoshin su taru a bangon ba da sunan kowa ba. A ganinsa wasan yara ne, amma ya gwada. Ya tambaye su awon maganin zuciya da za a ɗiga wa jariri mai kilo huɗu. Ɗalibai ɗari biyu suka sunkuya. Ko minti ɗaya ba a yi ba ginshiƙai masu nuna yawan waɗanda suka ba da kowace amsa suka fara tsirowa a bango, sai ga mafi tsawonsu a kan amsar da ta ninka awon gaskiya sau goma. Mutum ɗari da talatin sun gusar da ɗigon da ke tsakanin lambobi da gurbi ɗaya a lissafi.

Malamin ya dafa tebur. Ya tuna ɗalibansa na baya da ke tsaye yanzu a ɗakunan magani na asibitoci, iyaye mata suna miƙo musu takardar likita. Bai yi faɗa ba, bai kuma faɗi amsar ba. Ya ce kowa ya juya wa na kusa da shi ya nuna masa yadda ya yi lissafinsa. Zauren ya kaure da muhawara, har waɗanda bai taɓa jin muryarsu ba suna zana lambobi a tafin hannu. Da aka sake latsawa, yana kallo dogon ginshiƙin nan ya zube kamar katangar ƙasa a damina, na gaskiya ya miƙe. Ya daɗe a tsaye yana ta faɗin "Ikon Allah!" a hankali, domin bai taɓa ganin fahimta tana shiga zukatan mutane a kan idonsa ba. Mutum tara suka rage a kan kuskure. Ya ce ko su wane ne, ƙofar ofishinsa a buɗe take. Kafin la'asar bakwai suka zo da littattafansu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.