Kujerar da Ta Daina Zubar da Gari

Duk ranar Litinin, da yake ba a buɗe wa baƙi gidan adana kayan tarihi, Auta kan bi akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya tana duba lafiyar kaya. Aikinta ke nan. Akwai wata tsohuwar kujerar katako da ƙwaro ya daɗe yana ci ta ciki, an yi feshi har an gaji. Kullum sai ta tarar da ɗan gari mai laushi a gindinta.

Wata Litinin ba ta ga garin ba. Ta zagayo ma babu. Ta kafa wa kujerar ido ta cikin gilashi, sai ta lura ramukan ƙwaron duk girmansu ɗaya, kamar an huda su da ƙusa. Nan take ta gane. An ɗauke ta ainihin, an ajiye ta jabu.

Akwatin ba ya buɗuwa sai da makulli biyu. Ɗaya yana hannun Shugaba, wanda ma'aikata ke kira Ba-dariya a bayan idonsa. Ɗayan yana wurin mai kula da ɗakin ajiya, Kawu, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya samo mata aikin. Ta tambaye shi a fakaice ko ya taɓa rabuwa da nasa.

"Lokacin da na kwanta asibiti mana," in ji Kawu. "Ba-dariya na bar wa. Lafiya dai, Auta?"

Ta ce lafiya lau. Da azahar ta fita bakin titi, ta kira lambar kwamitin karɓar ƙorafi. Wata lauya ta saurare ta har ƙarshe, ta ce sunanta ba zai fita ba, kada kuma ta faɗa wa kowa, ko da na gida ne.

Ba a yi sati ba Shugaba ya sa aka ɗauko teburinta daga ƙasa, aka dasa shi a bakin ofishinsa. Ya hana ta sauka ɗakin ajiya. In ta tashi shan ruwa, sai ta ga mai gadi ya miƙe yana gyara hula. In ta fito za ta tafi gida, motar Shugaba na nan tsaye, ba ta motsawa sai Auta ta hau bas. Mutumin da a da ko gaisuwarta da ka yake amsawa, yanzu shi ke tambayarta da wa ta yi magana yau.

Tsoro ya shige ta sosai. Abinci ya daina wucewa, siket ya fara juya mata a ƙugu. Kora daga aiki ma ta daina damunta, ranta take ji wa. Wanda ya iya sace kayan kakanni da rana tsaka, me zai hana shi kawar da mace ɗaya? Takan tuna kazar nan da ta tono wuƙar yankanta.

Kawu kuwa bai bar ta ba, naka sai naka. Yakan tare ta a matakala ya ce, "Kin rame, 'yar nan. In wani abu ne ki faɗa mini, ni ne uwarki a gidan nan." Sau biyu maganar na zuwa bakinta tana haɗiyewa.

Ranar wata Litinin Shugaba ya leƙo ya ce kada ta tafi in an tashi, akwai inda zai kai ta da kansa. Auta ta ce to, amma ƙafafunta sun riga sun yanke shawara. Mai gadi na juya baya ta zare takalmi, ta bi matakalar baya, ta gangara ɗakin ajiya, can ƙasa inda babu taga kuma ihu ba ya fita.

Tana ganin Kawu ta fashe da kuka. Ta zayyane masa komai, garin, ramukan, kiran da ta yi. Ya saurara yana gyaɗa kai. Ya tambaye ta ko akwai wanda ya ga saukowarta, ta ce babu. Ya ce madalla, ta zauna ta huce, bari ya rufe ƙofa.

Wayarta ta yi ƙara. Lauyar ce, muryarta a gaggauce.

"Shugaba ya ce kin ɓace. Yau zai kawo ki wurinmu a ɓoye ki. Shi ya fara kawo mana rahoton nan kafin ke, mu muka ce ya riƙe ki kusa da shi."

Auta ta ji sakata ta faɗa a bayanta.

"Mai kula da ɗakin ajiya muke shirin kamawa, shi ya yanko kwafin makullin Shugaba," in ji lauyar. "Kina ina yanzu?"