Ɗanyen Ganye

Haƙoran Khaula sai kaɗawa suke yi, ita kanta ba ta san ko sanyi ne ko tsoro ba. Da asuba ta goga igiyarta a dutse har ta tsinke, ta sulale daga sansanin masu garkuwa da mutane. Baba Tahir, dattijon da ta tarar a cikin kamammu ranar da aka tare motarsu a hanyar Garwa, shi kaɗai ya gan ta. Ya ce ta tafi da shi, ya san daji. Ya kuwa san shi, har mashigin rafin da suka ƙetare, ruwa iya wuya.

Yanzu hantsi ya yi, hadari ya rufe rana, zazzaɓi ya taso mata. Wuyan hannunta, inda igiya ta ci, kamar an zuba barkono.

"'Yata, in ba ki ji ɗumi ba, ba za ki kai titi ba," in ji tsohon.

Ya zaro 'yar jakar fata daga ƙugunsa: ƙarfen ƙyastu, ƙanƙarar dutse, da audugar rimi a toshe cikin ƙaho, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ta yi mamaki, don ita ko ɗan kunne ba a bar mata ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Ƙyas! Ƙyas! Tartsatsi ya faɗa kan audugar. Ya hura, ya ɗora busasshen ɓawo, wuta ta kama. Khaula ta miƙa hannuwa, ta tuna 'ya'yanta, ta yi wa tsohon nan addu'a har cikin ranta.

Sai ya karyo ɗanyen ganye ya lafta. Farin hayaƙi ya turnuƙe, ya miƙe ya wuce kan itatuwa.

"Baba, za su gani!"

"Don tsando ne, 'yata. Kwantar da hankalinki." Ya ƙara wani.

Ba a jima ba ciyawa ta motsa. Bakin bindiga ya leƙo, wani ya biyo. Ta yunƙura za ta gudu. Ta cafki wuyan hannun Baba Tahir, ta ji shi sumul, babu sawun igiya.

Masu garkuwan suka fito, babbansu ya sauke bindiga, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da hanya. Mun ga hayaƙinka."